Salatin da Ba a Auna Ba

A ajinmu na segond, shekarar farko ta lise, wato babbar sakandare, ke nan, ni ke riƙe da bancin baya. Ba wanda ya ba ni, tun daga kolej nake gadonsa. In ka zauna can, tabulo, allon aji, yana yi maka nisa kamar Agadas, muryar mushe, wato malam, kuma sai ta tsaya shan ruwa a hanya kafin ta iso. Abu ɗaya ke isowa da wuri: ƙamshin fari-masar da matar bakin ƙofa ke soyawa.

Kusa da ni wani dogo ke zama, ɗan unguwar Gamkalle ta nan Yamai. Irin tsawon da in ampul, ƙwan lantarki, ta mutu ba a neman kujera. Ba ya magana. Mun daɗe banci guda kafin in tabbatar akwai harshe cikin bakinsa. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, sai na riƙa yin magana ta mutum biyu, shi yana biyana da ɗan murmushi. Haka muka zama abokai.

Mutumina maimaita ajin yake yi, kuma dokar lise kowa ya san ta. In ka maimaita aji ka sake kasa samun mwayan, wato goma bisa ashirin, ba a sake ba ka banci. Kora ce. Shi kuma kullum yana bakin ƙofar goman nan yana sallama, ba a amsawa. Tara da ɗan wani abu, tara da ɗan wani abu. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, kawunsa mai garka, wato lambu, ke riƙonsa, kuma lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta ba maganar gidansu ba ce. In aka kore shi, karatu ya ƙare.

Mai koya mana kimiyyar halittu wata madam ce daga Dogon Dutsi, Kirista, gajera. Tana waƙa a majami'arsu, shi ya sa muryarta ce kaɗai ke isa bancin baya da ƙafarta. Faransanci take yi mana, amma in muka ƙure ta sai Hausar Arewa ta ɓalle mata, kowa ya shiga taitayinsa. Bayan hutun tsakiyar shekara ta shigo ta ajiye jaka, ta ce ta gaji.

Ta ce, "Na gaji da ku haddace littafi ku zo ku amayar mini. Bana proje za ku yi. Kowane gurup ya nemo tambaya guda, ya amsa ta da hannunsa. Malamai uku za su zo su gani da ido, kuma notin, makin da za ku samu, zai yi nauyi kamar na babban dabuwar, jarrabawar aji."

Na ɗaga hannu. "Madam, in mutum ya amsa da baki fa? Wasu hannunsu ba lafiya."

"Kai bakinka ne ba lafiya. Zauna."

Ita ta raba gurup ɗin. Ta haɗa ni da mutumina, ta ƙara mana wata ƴar bancin gaba, ɗiyar wata ma'aikaciyar likita, irin wadda in ta samu sha takwas sai a yi mata ta'aziyya. Yarinyar ta dube mu kamar an ce ta raka fursunoni kotu.

Muka zauna gindin bedi lokacin rekire, hutun shan iska. Na kawo shawarata: mu bincika ko barci a darasin lissafi yana ƙara tsawon rai, ni zan ba da jikina. Ita ta ce mu ɗauko wani abu a intanet mu gyara. Muna cikin musu sai muka ji wata murya daga sama. Wallahi sai da na duba reshe.

"Salati," in ji mutumina.

"Mi ya samu salati?"

"A garkarmu ana gardama. Wasu sun ce takin zamani ya fi, wasu sun ce takin gida. Kowa da bakinsa yake faɗi. Mu shuka fangali biyu, iri ɗaya, ruwa ɗaya. Wannan takin gida, wancan na zamani. In ya nuna mu yanke mu auna, mu ga wane ya fi nauyi."

Tun da na san shi bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Ƴar bancin gaba ta yarda, ba don tana so ba. Madam da ta ji, ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce, "Kai ne shef ɗin gurup." Na ce madam an yi mini juyin mulki. Ba wanda ya kula ni.

Kawunsa ya ba mu wani lungu a garkarsa, can gefen gulbi. Dattijo ne mai fara'a, Zabarmanci yake yi a gida, Hausarsa ta kasuwa ce, mai kaifi. Da mutumina ya ce masa aikin lakwal ne, ya ce madalla, yau lakwal ta yi hankali.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da in mushe ya kira shi tabulo yake neman inda zai ɓuya, yana taka ƙasar garka ya zama kwamanda. Ya ja igiya, ya fitar da fangali biyu daidai wa daida, wato ƴan filayen nan masu baki da ake shuka ciki. Ya ba ƴar bancin gaba hauya. Ni ya ba ni buhu.

"Na mi?"

"Kashin awaki. Da ruɓaɓɓen ganye. A cika shi."

"Shef, ka san ubana yana da shagon atamfa a Babbar Kasuwa? Ka san akwai ƴanmatan da ke ganin girmana?"

"A cika shi."

Na cika. Kuma da yake ba ni da sa'a, ranar da na ɗauko buhun a kai, ranar maƙwabcin shagon babana ya biyo hanyar a moto, wato babur. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Babana ya ce an ce na shiga sabuwar sana'a, yana fatan dai akwai riba. Har yau in na shiga layinsu akwai mai toshe hanci don tsokana.

Kullum in an tashi lakwal sai mu shiga faba-faba, ƴar bas ta haya, mu sauka Gamkalle. Shef ya ce kowane fangali arozuwar, butar ban ruwa, nawa zai sha, ba ƙari ba ragi. In na zuba rabi na tsaya ba da labari, sai in ji inuwa ta rufe ni, in ɗaga kai in gan shi tsaye. Ba ya faɗa. Tsayuwar kawai. Ƴar bancin gaba da farko da safar hannu take zuwa, daga baya na gan ta tana murza taki da yatsa tana shinshinawa kamar mai sayen turare.

Abin ya bi shi har aji. Wata rana a darasin lissafi ya ɗaga hannu, ajin duka ya waiwayo kamar an ga kura a masallaci. Tambaya ya yi kan yadda ake lissafin faɗin fili. Mushe ya amsa, ya sake tambaya. A darasin madam kuwa, in ta ce wa zai bayyana yadda saiwa ke shan ruwa, sai dogon hannun nan ya tashi kusa da kunnena. Faransancinsa yana tuntuɓe, amma ba ya faɗuwa. Na ce masa, "Shef, ka rage, za ka jawo mana ido. Bancin baya yana da mutuncinsa." Ya yi dariya har haƙora. Ashe yana da su.

Muka yi lissafi, ni da ƴar bancin gaba, ba a gabansa ba. In projen nan ya samu noti babba, kimiyya za ta ja sauran, ya haye goma. Ba da nisa ba, amma ya haye.

Salati ya fito. Na takin zamani ya yi kyau, ba laifi. Na takin gida kuwa, jama'a, kowane kai kamar rawanin mai unguwa. Ganye kore shar, in iska ta taɓa shi har wani yanga yake. Masu garkar maƙwabta suna leƙowa ta kan darni suna gyaɗa kai. Mushe sansar, mai tsara lokutan lakwal, ya riga ya sa ranar da malamai za su zo da balans, ma'aunin labo ɗakin gwaji, a yanka a auna. Saura kaɗan.

Sai aka ga wata.

Mu biyu Musulmi a gurup, mun san azumi na tafe, gidajenmu an fara sayen sukari da gero. Ƴar bancin gaba da madam su ma suna cikin nasu azumin na kafin Ista. Amma cikinmu ba wanda ya haɗa ranar shuka da kalandar ciki. Kuma duk wanda ya taɓa azumi a Yamai ya san da la'asar mutum ba ya mafarkin nama, salati yake mafarki, da tumatir da albasa da ɗan mai.

Ranar farko da muka zo bayan an kama azumi, na ga gurbi a fangalin takin gida. Kai biyu ko uku babu, an yanke su tsaf daga gindi. Na ce ɓarawo. Mutumina ya dubi wurin ya ce ba ɓarawo ba ne, wuƙar Kawu ce.

Al'adar garka ke nan, kuma ba Kawu ya ƙirƙiro ta ba. Wanda ya shigo ya ce sannu da aiki ba ya fita hannu biyu, balle da azumi. Limamin unguwa, surukai, matar da mijinta ya rasu, maƙwabcin da ya taɓa ara maka tiyo. Kuma ba a ba mutum na baya-baya, mafi kyau ake ba shi. Mafi kyau a duk garkar nan kuwa namu ne, na takin gida. Na takin zamani ko kallonsa ba a yi.

Na ce, "Shef, gaya masa."

"In ce masa mi?"

"Ka ce kar ya taɓa."

Ya dube ni kamar na ce ya mari liman. "Ƙasarsa ce. Ruwansa ne. Ni ma nasa ne."

To, ni ba nasa ba ne, kuma baki ne jarina. Na sami Kawu yana gyaran motopompi, injin ban ruwa, na durƙusa na gaishe shi har da fofo irin ta Zabarmawa, na tambayi azumi, na tambayi gajiya, na tambayi injin.

"Baba, salatin can na lungu, ka san na gwamnati ne."

"Na gwamnati?" Bai ɗago ba. "Yaushe ta zo ban ruwa ban gan ta ba?"

"Wato na lakwal ne. Malamai za su zo su auna shi."

"Su zo, marhaba. Ga wancan fangalin ban taɓa ba, su auna shi."

"Baba, duka biyun ake so. Don a gane wane ya fi."

"Ai an gane. Kai ba ka gane ba? Makaho ma in ya shafa ya gane." Ya ajiye sufana ya dube ni. "Ɗana mai surutu, so kake surukina ya shigo da bakin azumi in ba shi ƙanana, in ajiye manya wa balans? Balans ɗin azumi yake?"

Ya yanko kai guda, daga namu, ya ce in kai wa innata. Na karɓa da hannu biyu. Mi zan yi? Na ce an gode.

Muka gwada dabaru. Ƴar bancin gaba ta rubuta allo da Faransanci, kar a taɓa, gwajin kimiyya ne. Waɗanda ba su iya karatu ba suka wuce shi, waɗanda suka iya suka ce a ba su na kimiyyar nan su ɗanɗana. Na kewaye fangalin da igiya, aka shanya tsumma a kai. Madam ta je wurin sansar ta roƙa a matso da ranar awo. Ya ce sauran malaman biyu suna da jarrabawar wasu azuzuwa, balans kuma ba ya fita labo sai ranar da aka sa, kowane gurup da ranarsa, in ya taɓa ɗaya duk sun rushe. Ba mugu ba ne, tsarinsa ne a hannunsa kamar tiren ƙwai.

Sai ƴar bancin gaba ta kawo shawarar da ta fi kama da hankali. Tun da ba za a hana yanka ba, a auna kowane kai kafin ya fita. Na aro ƙaramin ma'auni mai ƙugiya wurin wani mai kifi a Gudel, bayan na rantse masa da duk kakannina. Mun san da safe muna aji ba mu da iko, amma ko na la'asar muka kama, wani abu ne.

Wadda ta fara faɗowa hannunmu wata tsohuwa ce, yayar matar Kawu. Ta gaisa, Kawu ya yanko mata manya guda biyu. Kafin su isa hannunta na shiga tsakani da fara'ata.

"Inna, minti ɗaya, a ɗan ga nauyinsa."

Na rataya a ƙugiya. Ƴar bancin gaba ta matso tana duba allura. Tsohuwar ta dubi ma'aunin, ta dubi Kawu. Ta gyara mayafinta, ta ce ai ta tuna akwai sauran ganye a gida, a bar shi. Ta juya ta fita, a hankali, irin tafiyar da ta fi zagi ciwo.

Ban san ba a auna kyauta gaban mai karɓa ba? Na sani. Duk mun sani. A gidanmu ko goro ba a ƙirgawa gaban baƙo. Mun dai ɗauka kimiyya za ta ba mu izini.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ni bai ma dube ni ba. Ɗan ƙanwarsa ya kira, ya yi masa magana da Zabarmanci, kuma ina jin Zabarmanci daidai gwargwado. Cewa ya yi, "Tun ranar da uwarka ta kawo ka gidana, na taɓa auna tuwonka?"

Mutumina ya sunkuyar da kai. Duk tsawon nan ya koma kamar an naɗe tabarma. Ya karɓi salatin daga ƙugiya, ya bi tsohuwar da gudu har gida ya ba ta haƙuri. Da ya dawo ya ce mini, "Mai da ma'aunin."

"Shef, saura..."

"Mai da shi."

Ranar Asabar madam ta zo da kanta a ƴar motonta, ta ce ita za ta yi wa Kawu bayani, babba da babba. Na ce yau za a ga aiki, muryar majami'a za ta gamu da mai motopompi. Kawu ya tarbe ta kamar ministar gona. Ya shimfiɗa tabarma, ya ce ita ce ta sa yaron nan ya fara magana a gida, Allah ya saka mata. Madam ta fara, "Baba, game da fangalin nan..." Ya ce ai kar ta ce komi, ya san abin da ya kamata. Ya tashi da wuƙarsa. Kafin ta haɗa jimla ta biyu ya zaɓo mafi girman abin da ya rage, sarkin fangalin gaba ɗaya, wanda nake gaisarwa kowace la'asar, ya yanke ya ɗora mata a hannu.

Madam ta karɓa. Tana tsaye rungume da salati kamar an ba ta jariri a wurin suna, tana kallon mutumina, shi yana kallon gulbi. Ita ma ɗiyar mutane ce, ta san ba a mai da hannun dattijo. Ta ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara albarka." Ta kai shi labo ranar Litinin ta auna, ya riga ya yi laushi kamar tsumman goge tabulo.

Ana gobe awo, fangalin takin gida ya zama kamar bakin tsoho, kututture nan, gurbi can, sai ƴan ƙananan da ba su isa kyauta ba. Na takin zamani yana nan cif, ba wanda ya so shi. Na ja mutumina gefe.

"Shef, saurara. Garkar can ta gaba suna da manya. Mu samo, mu dasa da saiwarsu, mu yi ban ruwa. Gobe ko uwar salatin ba za ta gane ba."

Ƴar bancin gaba, wadda ko satar kallon takarda ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ni ban ji komi ba. Amma in ana neman mai riƙe arozuwar, ga ni."

Na ga shef yana so, wallahi na gani. Sannan ya ce, "Madam ta ga fangalin da idonta. Gobe in ta yi shiru ta yi ƙarya, in ta yi magana ta kashe mu. Ba ni sa ta a nan."

"To kai fa?"

"A bar shi yadda yake."

Na yi magana, na yi magana, har bakina ya bushe, ga azumi. Kamar ina yi wa darni.

Malamai suka zo, madam da mushen fizik da mushen Faransanci, da balans a cikin kwali. Aka yanke na takin zamani aka auna, aka rubuta. Aka tattara abin da ya rage na takin gida aka ɗora, allurar ta ɗan motsa don kunya.

Mutumina ya tsaya tsakanin fangalin biyu ya yi bayani. Daga tambayar, zuwa igiya, zuwa taki, zuwa ruwa, zuwa inda salatin ya tafi, gida gida. Da Faransanci, ba takarda. Ni da aka ba aikin nuna hotuna a waya har na manta da kaina ina kallonsa. Mushen Faransanci yana ta gyaɗa kai. Aka duba hotunan, aka ce ma sha Allah.

Mushen fizik ya tsuguna ya taɓa kututturan, ya daɗe. Ya ce, "Na yarda da kai. Gindin nan ba na ƙaramin salati ba ne. Amma ku kuka ce za ku gaya mana wane ya fi nauyi, kuma rabin notin na sakamako ne. Hoto ba ya hawa balans. Gaya mini abin da zan rubuta a wurin, in rubuta."

Madam ta ce a duba aikin, a duba yadda yaron ya canja. Ya ce ya duba, ya ba shi duk abin da ke wannan gefen, ɗaya gefen ne babu abin kamawa, kuma sauran gurup da ma'auni ɗaya aka auna su. Kawu yana can gefe yana murna malamai sun zo garkarsa, har ya rarraba musu na takin zamanin da aka gama aunawa, yana ba da haƙuri wai masu kyan sun ƙare.

Notin da muka samu ya ɗan haura goma. A wurina biki ne. A wurin ƴar bancin gaba, shi ne mafi ƙanƙanta tun da aka haife ta, kuma ba ta yi kuka ba, abin da ya ba ni tsoro. A wurin mutumina bai isa ba. Ya ƙara ƙoƙari a sauran watannin, ƴar bancin gaba tana yi masa lissafi gindin bedi, ni ina kora musu ƙuda. Ya matso, ya matso sosai.

Ranar da malamai suka zauna yanke hukuncin ƙarshen shekara, muna waje muna jira a inuwa. Aka ce madam ta yi magana a ciki har muryarta ta fito ta taga. Da aka buɗe ƙofa ta fito ba ta dubi inda muke ba. Ta nufi motonta, ta tsaya tana neman makulli a jaka, ta daɗe tana nema, alhali yana hannunta. Mutumina ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce zai wuce, akwai ban ruwa.

Kawu da ya ji an kore shi ya ce Allah bai nufa ba, garka tana nan, ba ta korar kowa. Har yau ban san ko ya haɗa korar da kyautar salatin ba. Mutumina bai gaya masa ba, kuma ya hana ni.

Bayan an koma lakwal na je Gamkalle wata Lahadi. Na same shi yana ɗaure buhunan shu, wato kabeji, da za a kai kasuwa. Muka sha shayi, na ba shi labarin unguwa, na ƙara gishiri inda ya kamata. Da zan tafi ya rako ni bakin gudron, titin kwalta. Muna jiran faba-faba ya ce, "Mi ake koya muku a premiyer, sabon ajin naku?"

"Ba komi, shef. Shirme. Ka huta wallahi. Mushen lissafin bana in ya fara magana har ƙadangaru faɗowa suke daga bango don barci."

"Kimiyya fa?"

"Ita ce ma ta fi muni."

"An fara jini? Na ga a littafin akwai yadda zuciya ke aiki."

An fara, kuma darasin ya yi daɗi, har zuciyar rago aka kawo aka buɗe mana. Na ce, "Ba a fara ba. Wai sai baɗi. Ko ma an cire shi."

Ya dube ni daga can sama. Ya san ni, ya san yadda hancina ke yi in ina shara ta. Mota ta tsaya, yaron mota yana bugun ƙofa. Na sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya ce, "In an fara, ka zo ka gaya mini. Yadda yake, ba irin naka ba."

Na ce to. Motar ta ja, na sami wuri a baya, na zauna.